Na kai hotunana wanki wani shago a Zoo Road: kala ta fita, alƙawari ne dai sai a hankali

Shekara kusan huɗu kenan ina ɗaukar hoto. Ba sana'ata ba ce, koyarwa nake yi, amma duk Asabar in dai babu ɗaurin aure ko ta'aziyya za ka gan ni da kyamara a wuya ina zaga cikin gari, kuma abin kunya a duk tsawon lokacin nan ban taɓa wanke hoto ko ɗaya ba. Sai dai in gyara in ɗora a Instagram ko in tura wa abokai masu irin wannan cuta tamu ta WhatsApp, wannan ya ce masha Allah, wancan ya ce kai mutumina ka kashe shi, shikenan gobe an manta an koma kan na wani. To watan jiya wani babban yayanmu a harkar ya ce shi fa ya gaji da kallon aikinmu a tafin hannu, kowa ya je ya wanko guda huɗu manya, a haɗu a zaurensa ranar Asabar a baje a tabarma a gani. Abin da ya kai ni shagon nan kenan. Ba zan faɗi sunansa ba saboda akwai yabo akwai kuma ƙorafi a maganata, kuma mutumin dattijo ne ina jin nauyinsa.

Shagon yana wani layi da ya ɓalle daga Zoo Road, a saman bene, in ba an kwatanta maka ba za ka wuce shi sau uku don allon ma rana ta cinye rubutunsa. Matattakalar ƙunci gare ta, in wani yana saukowa da firem sai ka koma baya. Ciki kuwa ɗaki ne madaidaici, kwamfuta biyu, wata ƙatuwar firinta mai cin takardar naɗi ta tare rabin bango, sai wani ɗan lungu ta baya inda mai firem yake yanke-yankensa, ƙurar katako har kan kanta. Babu AC, fanka ce guda ɗaya mai ƙara kamar injin markaɗe. Amma bangon hagu shi ya tsayar da ni, don cike yake da aikin mutane, zanen biro, zanen fensir, rubutun aya da aka ƙawata da ruwan gwal, wani ya zana Ƙofar Na'isa da fenti, hotunan hawa kuwa ba a magana. Can sama akwai hoton marigayi Sarki Ado Bayero a kan doki ƙarƙashin laima, har ya fara komawa ruwan ƙasa, mai shagon ya ce shi ya ɗauka da hannunsa tun zamanin fim, lokacin da hoto 36 kacal gare ka a naɗi ɗaya kuma ba ka san me ka ɗauko ba sai an wanke dodon.

Ina shiga yaron da ke kan kwamfuta ko ɗagowa bai yi ba ya ce oga turo ta WhatsApp ga lamba a jikin bango. Har na ciro waya sai na ji murya daga kusurwa, ashe Alhajin yana zaune yana cin gyaɗa, ya ce kai, wa ya ce maka haka ake karɓar hoton da za a wanke babba? Ya dube ni ya ce malam da me ka ɗauka? Na ce Canon 600D ce Alhaji, ta hannu na saya. Ya ce to kawo memorin ko filash, in kuma dole sai WhatsApp ɗin to a matsayin dokumen za ka turo ba a matsayin hoto ba. Wallahi daga nan hankalina ya kwanta da wurin, don na san gaskiya ya faɗa. WhatsApp matse hoto yake yi ya rage masa nauyi don ya tafi da wuri, ko maɓallin HD ɗin da suka ƙaro a 2023 ba ya ba ka asalin fayil ɗin yadda ya fito daga kyamara. Instagram ma haka, shekara da shekaru faɗin ɗigo 1080 yake mayar da hoto. Kyamarata kuwa megafiksel 18 ce, hotonta ɗigo 5184 ne a tsawo 3456 a faɗi, in ka shimfiɗa shi a takarda mai inci 12 da 18 kowane inci zai samu ɗigo 288, dab da 300 ɗin da masu wanki suke so. Amma ɗauki wanda ka sauke daga Instagram ka ce a ja shi ya cika inci 12, ɗigo 90 ne zai zo a inci, shi ya sa za ka ga hoton biki a falon mutane fuskar amarya ta dame kamar an shafa mata koko. Yawanci ba laifin mai hoton ba ne, a hanya aka kashe shi.

Guda huɗun da na kai: ɗaya hannun wani dattijo ne a marinar Ƙofar Mata yana tsamo zane daga karofi, ɗaya wani mahayi ne a hawan Daushe na wata sallah da ta wuce ya zaburo doki wajen Ƙofar Kudu da dogarai a bayansa, ɗaya na hau Dutsen Dala da sassafe cikin hunturu na ɗauko gari cikin hazo, na ƙarshe wani mai sayar da linzami da kayan doki ne a kasuwar Kurmi yana gyangyaɗi. Na Dala shi ne abin alfaharina, shi ya fi kowanne samun laik, har wasu sun roƙe ni su sa a fuskar wayarsu. Na marina kuwa da na ɗora ko mutum ashirin ba su kula shi ba.

Abin da ya fi burge ni da shagon nan, kuma saboda shi kaɗai zan iya cewa mutum ya je, ba sa danna firinta kai tsaye. Alhaji sai ya sa a fitar da ɗan yanki kamar faɗin tafin hannu daga tsakiyar hoton a gwada tukuna, kuma bai caje ni kuɗin gwajin ba. Na farko da ya fito na ce Alhaji ai firintarku ce ba ta da lafiya, wannan ya yi duhu, ga shi nan a wayata tas. Ya yi dariya ya ce miƙo wayar, ya ja hasken sikirin ɗin ya dawo da shi wajen rabi, ya ajiye kusa da takardar, sai ga su sun zama kusan ɗaya. Ya ce ɗana waya fitila ce, daga bayan hoton take haskowa, takarda kuwa ba ta da wutar kanta sai abin da ɗaki ya ba ta, ku yaran yanzu kuna ƙure haske kuna editin cikin dare a kan katifa sannan ku zo ku ce injina ne. Ban ce komai ba don kamar yana leƙena ta taga.

Hoton marinar nan shi ya ba mu wahala, kuma a nan na ga bambancin wanda ya san aiki da wanda ya sayi inji kawai. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin karofi ya san shuɗin baba ba irin shuɗin bula ba ne, yana da duhu yana da zurfi, kuma lokacin da aka tsamo zanen ma da ɗan kore-kore yake fitowa sai ya sha iska yake rikiɗewa ya koma shuɗi a gaban idonka. To gwajin farko sai ya fito ya karkata wajen ruwan makuba, kamar an zuba masa ja. Ni da an bar ni zan karɓa haka nan don ban ma lura sosai ba, Alhaji ne ya ce a'a, wannan ba babar Ƙofar Mata ba ce, wannan galura ce ta kanti. Ya ture yaron daga kujera ya zauna da kansa, ya rage ja ya taɓa wani abu, aka sake fitarwa, ya ɗauka ya fita baranda ya duba a hasken rana don ya ce farin ƙwan ɗakin ƙarya yake yi, ya dawo ya sake taɓawa. Sai a na uku ya ce yawwa. Ya ce shuɗi mai duhu da ja mai ƙarfi irin na rigar dogarai su ne kalolin da sikirin yake iya nunawa amma tawada take shan wuya kafin ta kamo, in ba ka tsaya a kai ba sai shuɗi ya tafi makuba ja ya tafi ruwan lemo. Marinar da allon ƙofarta ya ce tun 1498 take, ai bai kamata a ɓata mata kala a Kano ba, in ji shi. Da cikakken ya fito a takarda mara sheƙi wallahi sai da na yi shiru. Duk tsagar da ke bayan hannun dattijon nan ta fito, farcensa da baba ta rina har ƙarƙashi, ɗigon ruwa guda yana rataye a gwiwar hannunsa bai faɗi ba. Ni da na ɗauki hoton ban taɓa ganin ɗigon nan ba sai ranar.

Na Dala kuwa, gwanin nawa, kunya ya ba ni. A waya hazo ne mai laushi gari ya lulluɓa, a takarda sai ga wasu ɗige-ɗige masu duhu guda biyar a sararin sama kamar ƙudaje sun yi kashi. Na ce takardarku ce da datti. Yaron ya zuƙo hoton a kwamfuta ya nuna min, suna nan a fayil ɗina, ƙura ce a kan sensar kyamarata, wato ɗan allon da ke kama hoton a cikinta, don ni da gangancina a saman dutsen nake canza lens iska tana kaɗawa. Ga shi kuma na cika masa kaifi wajen editin, gefen hasumiyar masallaci har wani farin layi ya yi. Sun goge min ɗigon kyauta, farin layin kuwa Alhaji ya ce wannan kai ka jawo, ka koma gida ka gyaro daga asali in kana so. Ban koma ba, haka na karɓa, amma dai na san yanzu ba shi ne gwanin ba.

Wani abu da ya kamata mai zuwa ya sani, maganar girma. Na so a yi min na Kurmi a inci 8 da 10 don firem ɗinsa ya fi samuwa kuma ya fi araha, sai yaron ya nuna min cewa hoton irin kyamarata in gajeren gefe ya zama 8 to dogon 12 yake zama, kenan inci 2 za a yanke, kuma a nawa abin da zai tafi shi ne jeren linzaman da ke rataye, wato dalilin ɗaukar hoton gaba ɗaya. Wani wurin yankewa kawai za su yi ba su tambaye ka ba sai ka je gida ka ga babu kan doki. Nan sun tambaya. Muka yi 8 da 12.

Kuɗi kuwa ga abin da na biya ranar, ban san ko ya canza ba don yanzu komai da safe daban da yamma daban. Manyan guda uku naira 4,500 kowanne, ƙaramin 2,500, firem na sa a yi wa biyu, na marina da na hawa, 12,000 kowanne da gilashi. Duka 40,000. Na nemi ragi Alhaji ya ce takarda da tawada duk da dala ake shigo da su, in rage maka in rage wa wa, na ba da 30,000 kafin alƙalami ta taransifa. Akwai wuraren da suka fi su sauƙi a wannan layin ma, na tambaya, amma babu mai yi maka gwaji sau uku a wannan kuɗin.

To yanzu ga inda suka ɓata min rai. Wankin a ranar aka gama, Litinin, firem aka ce in zo Laraba. Laraba na tashi daga makaranta na hau ɗan sahu tun daga Kabuga, na zo aka ce ba wuta tun safe kuma janareton firinta kawai yake ɗauka ba ya ɗaukar zarton mai firem, in dawo gobe. To me ya hana a kira ni? Lambata tana jikin rasit. Alhamis na kira sau huɗu ba a ɗaga ba. Juma'a bayan an sauko daga masallaci na sake zuwa, wai mai firem ya tafi ƙauyensu ɗaurin auren ƙaninsa kuma ya kulle lungun ya tafi da mukulli, hotunana biyu mafi kyau suna ciki, taronmu kuma gobe. Nan fa na manta da jin nauyi na ce Alhaji gaskiya wannan ba daidai ba ne, da kun ce mako guda da na san yadda zan yi, kuɗin ɗan sahu kaɗai ya kusa sayen wani hoton. Bai yi musu ba, ya ce ka yi haƙuri ɗana laifinmu ne, ya sa yaron ya sake wanko min biyun nan take ba tare da na ƙara sisi ba, aka naɗe min a takarda aka sa cikin kwalin naɗi. Ya kyauta, ban hana ba. Amma na lura abin ba a kaina aka fara ba, ina tsaye wata baiwar Allah ta zo karɓar hoton yayen ɗanta ita ma aka ce mata gobe, ta ce goben nan taku ba ta ƙarewa ne?

Firem ɗin sai Litinin ta sama na samu, kuma shi ma aikin bai kai wankin ba ko kusa. Kusurwa ɗaya ba ta haɗu ba har kana iya zura farce, ga ɓurɓushin katako guda biyu an rufe su a ƙarƙashin gilashi daidai kan farin rawanin mahayin, ƙugiyar ratayewa kuma wani siririn ƙarfe ne da ƙusa ɗaya wanda na tabbata wata biyu ba zai yi ba zai sako hoton ƙasa. Na sa an buɗe an share an canza ƙugiya ina tsaye. Shawarata, ka wanke a nan, firem ka kai wani wuri, ko kuma ka tsaya a kansa ka duba kusurwa huɗu da bayansa kafin ka cika kuɗi.

Sai babban ƙorafin, wanda ya shafi duk mai ɗaukar hoto ko zane. Kwana uku bayan nan wani abokina ya turo min sikirinshot, ga hotona na marina a shafin shagon na Instagram, an rubuta aikinmu mai inganci a ƙasa, babu sunana babu komai, har mutane suna yaba musu iya ɗauka. Raina ya ɓaci sosai, don wannan ita ce cutar da ta addabe mu, ka sha rana ka sha ƙura ka roƙi mutum ya yarda ka ɗauke shi, wani ya kwafe ya yanke sunanka ya ɗora, gobe ka gan shi a kalanda ko a fostar 'yan siyasa. Hotunan hawa sun fi shan wannan, balle tun da UNESCO ta sa hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024 kowa nema yake. Kuma doka tana nan, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta san da hoto da zane, biyan kuɗin wanki ba ya mayar da hoton na mai shago. Na koma na nuna wa Alhaji, ashe shi bai ma san me ake ɗorawa ba, yaron ne yake riƙe da shafin. Ya yi masa faɗa a gabana har na fara jin tausayinsa, ya ce tela yana ɗinka maka riga ya ce shaddar tasa ce? Aka sa sunana, aka kuma goge fayilolina daga kwamfutar ina kallo. Yaron ya ce wallahi yaya shi talla kawai ya nufa, kuma na yarda da shi, amma duk wanda zai kai aiki ya faɗa tun farko, kar a ɗora, in za a ɗora a sa suna, a goge in an gama. Kar ka ɗauka sun sani.

Bangon nan da na faɗa ma ashe haka tsarinsa yake, ka kawo aikinka a rataye, in an saya shago ya cire nasa kason. Wani abokina mai zanen biro yana da guda biyu a wurin, ya ce an taɓa sayar masa da ɗaya kuma an ba shi kuɗinsa cif ba ja-in-ja, sai dai babu wani rubutu tsakaninsu, amana ce kawai, ni kam da zan kawo nawa sai an rubuta a takarda. Masu zane su sani sikanarsu A4 kawai take ɗauka, in zanenka ya fi haka fita da shi baranda suke yi su ɗauka da kyamara a inuwa, ya ce yana fita ba laifi amma siraran layukan biro wasu suna ɓacewa.

Ranar Asabar ɗin kuwa mu tara muka haɗu, aka baje a tabarma aka danne gefuna da kofunan shayi, kowa yana ɗauka ta baki-baki kar ya sa yatsa. Ba wanda ya tsaya a kan na Dala. Na marina ya zaga hannu ya zaga, har mahaifiyar yayan namu ta leƙo zauren za ta fita unguwa, ta karɓa ta kai shi kusa da ido ta daɗe tana kallo, ta ce wannan hannun ya fi shekara arba'in a karofi, Allah ya yi masa albarka, kun kai masa nasa kuwa? Duk muka yi tsit, don ni ko sunansa ban riƙe ba, na dai tuna ramin da yake zama.

Shi ya sa jiya na sake hawa benen nan na ce a wanko min ƙarami guda ɗaya a sa masa firem mai sauƙi in kai wa dattijon. Yaron ya rubuta rasit ya ce yaya ka zo Laraba. Na ce wace Larabar? Alhaji yana kusurwa da gyaɗarsa ya ce kai dai kira kafin ka taso.